Ahmadu Ahijo da aikin gidan waya: shi ya gina shi, ko hanya ce kawai ya bi ya wuce?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya so ya rage wa marigayi Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, daraja sai ya ce, ai ɗan gidan waya ne Faransa ta ɗauko ta ɗora a kan Kamaru. Ana faɗar haka kamar aikin gidan waya abin kunya ne. Ni kuwa a ganina, wanda bai fahimci wannan aikin ba bai fahimci mutumin ba, da alherinsa da sharrinsa duka.

A Garwa aka haife shi a 1924. Ya yi makarantar allo, a 1932 aka sa shi boko. Jarrabawar gama firamare ma sai a karo na biyu ya ci, a tsakani ya ɗan taɓa aiki a ma'aikatar kula da dabbobi. Daga nan ya tafi Yawunde ya yi shekara 3 a makarantar gaba da firamare. A 1942, yana ɗan shekara 18, ya kama aiki da gidan wayar Faransawa a matsayin mai aika saƙo da karɓa ta rediyo. Aikin ya kai shi Duwala, ya kai shi Ngaundare, da Bartuwa, da Mokolo.

Don Allah ku ɗauko taswira ku duba waɗannan garuruwa. Duwala tana bakin teku. Bartuwa tana gabas, a bakin kurmi. Ngaundare tana kan tudun Adamawa. Mokolo tana cikin duwatsun Mandara, dab da iyakar Najeriya. Ɗan Fulanin Garwa a wancan zamani, in ba fatake ba, wa ya taɓa zama a waɗannan wurare, ya ci abincinsu, ya yi aiki a ofis ɗaya da Kiristocin kudu? A 1947 da aka zaɓe shi majalisar wakilan Kamaru yana da shekara 22, ya riga ya san ƙasar fiye da lamiɗon da ya girme shi da shekara 40. Wannan sanin shi ne jarinsa, kuma gidan waya ne ya ba shi.

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam. Ni dai tambaya gare ni, yayana. Da na ji gidan waya sai na zaci raba wasiƙu yake yi a kan keke. Mene ne ainihin aikin mai rediyon nan?

Baba Tsohon P&T:
'Yata, bari in amsa miki tunda a wannan sana'a na tsufa, ko da yake ni a ɓangaren Najeriya na yi, kuma can bayan zamaninsu. Na kama aiki tun ana kiran ma'aikatar P&T, kafin a raba ta a 1985, waya daban, wasiƙa daban.

Mai raba wasiƙa masinja ne. Mai rediyo ko mai tangaraho ma'aikaci ne da sai ya ci jarrabawa, ya koyi harshen ƙararrawar nan na dogo da gajere, har kunnensa ya iya ɗaukar saƙo hannunsa na rubutawa ba tare da ya tsaya tunani ba. Na tarar da tsofaffin da suka yi aiki da ita. Akwai wani maigidana, Allah ya jiƙansa, kana yi masa magana na'ura na ƙara a bayansa, sai ya ɗaga maka hannu ya ce dakata, wannan namu ne. A cikin hayaniya ya gane ana kiran tasharsa.

Mutum zai zo kanta ya karɓi takardar tangaraho. Kalma kalma ake biya, don haka za ka ga dattijo ya tsaya yana ƙirga da yatsa, yana cire gaisuwa, yana cire "bayan haka", har saƙon ya koma: Inna ba lafiya zo maza. Kai akawu ka sake ƙirgawa da bakin alƙalami, ka faɗi kuɗi, ka buga hatimin kwanan wata wanda kowace safiya sai an juya lambobinsa da hannu. Jakar wasiƙu kuma a ɗaure bakinta a matse da dalma, wanda zai karɓa a can ya duba dalmar kafin ya sa hannu.

To abin da nake so ki lura da shi, duk abin da ke faruwa a gari ta hannunka yake bi. Ka san wa ya rasu kafin iyalansa su sani. Ka san an yi wa wane canjin wurin aiki kafin shi ya ji. Ka san farashin gyaɗa da auduga kafin ya iso kasuwa. Saƙon gwamnati na sirri yakan zo a cikin lambobi, ba za ka iya karantawa ba, amma kana ganin wa ke aika wa wa, da sau nawa a rana, kuma in saƙonni suka yi yawa tsakanin bariki da hedikwata ka san akwai wata a ƙasa. Kuma an rantsar da kai ba za ka faɗa ba. Yaro ɗan shekara 18 da aka zaunar a kan wannan kujera, an koya masa abu biyu: ya ji komai, ya yi shiru.

Maman Hanifa:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi ban taɓa ɗaukar abin haka ba.

Malam Na Zariya:
Baba, Allah ya saka da alheri, bayaninku ya gamsar game da aikin. Amma Ɗan Garwa, ban yarda da inda ka kai maganar ba. Dubban mutane sun yi aikin gidan waya a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Nawa ne suka zama shugabanni? Mun ga inda mutum ya ƙare ne, sai muka waiwaya baya muna neman dalili a kowane taki nasa.

Abin da ya kai Ahijo kan mulki sananne ne. A 1957 Andre-Mari Mbida ne firaminista, Ahijo mataimakinsa kuma ministan cikin gida. Mbida ya saɓa da babban kwamishinan Faransa, Jan Ramadiye. Ahijo da mutanensa suka janye daga gwamnati, ta faɗi, a watan Fabrairun 1958 aka ba Ahijo kujerar. Faransa na neman wanda zai karɓi 'yancin kai daga hannunta ba tare da ya kore ta ba, kuma wanda zai taya ta murƙushe jam'iyyar UPC mai fafutukar 'yancin kai da ta haramta tun 1955. Shi ke nan. Ko malamin dabbobi ya ci gaba da zama, in dai ya cika waɗannan sharuɗɗa, shi za su ɗauka.

Ɗan Garwa:
Malam, ban musa ko ɗaya daga abin da ka faɗa ba. Tambayata ita ce, me ya sa da suka waiga arewa shi suka gani? Arewa na da kujeru masu yawa a majalisa, amma wakilanta yawancinsu sarakuna ne da 'ya'yan fada waɗanda ba su da zurfin boko kuma ba su san kudu ba. 'Yan bokon kudu kuma ba su san yadda ake durƙusawa a gaban lamiɗo ba. Ahijo ya iya duka biyun. Ba ɗan babban gidan sarauta ba ne, a hannun mahaifiyarsa ya tashi, har manyan fada sun ɗan raina shi da farko. Amma ya zauna da 'yan Duwala, ya san yadda Bafaranshe ke rubuta rahoto da yadda yake karanta shi. Jam'iyyar da ya kafa a Garwa a 1958 da goyon bayan sarakunan arewa ta tsaya, sannan ya jawo 'yan kudu ɗaya bayan ɗaya. Malamin dabbobi da ya zauna a cikin ruga tsakanin Garwa da Marwa ba zai iya wannan ba.

Ɗan Maradi:
Salamu alaikum. Ku ba ni dama in shigo da wani ɗan gidan wayar, don shi zai gwada maganar ku duka biyun. Ahmad Seku Ture na Gini. An haife shi a Farana a 1922, shekara 2 kawai ya ba Ahijo. An kore shi daga makarantar koyon sana'a a Konakiri saboda ya jagoranci bore a kan abinci. A farkon shekarun 1940 ya ci jarrabawa ya shiga gidan waya a matsayin akawu. Ma'aikata ɗaya ce da ta Ahijo, uban gida ɗaya, kusan shekara ɗaya.

Me ya yi da ita? A 1945 ya kafa ƙungiyar ma'aikatan gidan waya, wadda ita ce ƙungiyar ƙwadago ta farko a Gini. Ku duba hikimar. Kowane gari mai bariki yana da gidan waya, kowane gidan waya yana da akawu baƙar fata mai karatu, kuma dukansu suna magana da juna kullum saboda aiki. Wato Bature da kansa ya shimfiɗa masa hanyar da zai haɗa kan ƙasa. A 1953 ya jagoranci yajin aikin da ya wuce wata biyu, a kan a aiwatar da dokar ƙwadago yadda take a rubuce. Daga nan babu mai tare shi. Ranar 25 ga Agusta 1958 ya faɗa wa Janar Dagol a gabansa cewa sun gwammace talauci cikin 'yanci da wadata cikin bauta. Ranar 28 ga Satumba Gini kaɗai ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama kan ci gaba da zama tare da Faransa, ranar 2 ga Oktoba ta zama 'yantacciya.

Mu a Nijar wannan ƙuri'a ba labari ba ce a wurinmu. Jibo Bakari ya yi kiran a ce a'a, aka kayar da shi, ya rasa gwamnati, aka haramta jam'iyyarsa ta Sawaba a shekarar da ta biyo. Abin da Seku Ture ke da shi wanda ya fi na kowa ƙarfi shi ne ƙungiya da ta kai kowane lungu, kuma tushenta gidan waya ne.

Saboda haka ina tare da Ɗan Garwa cewa aikin ba ƙaramin abu ba ne. Amma ina tare da Malam cewa aikin bai zaɓa wa kowa hanya ba. Ɗaya ya ɗauki abin da ya koya ya yi wa Faransa tawaye, ɗaya ya ɗauka ya zama amininta.

Ɗalibar Tarihi:
Tunda an buɗe wannan ƙofa, kada a manta da Patris Lumumba. Shi ma ɗan gidan waya ne, ƙarƙashin Beljiyam. Ya yi makarantar horar da ma'aikatan gidan waya a Lewofolbil, Kinshasa ta yau, a 1947, sannan ya yi shekaru yana aiki a Istanlibil, Kisangani ta yau, a sashen da ke kula da ajiyar kuɗin mutane. A Kwango ta lokacin an toshe wa baƙar fata kusan kowace hanya ta karatu mai zurfi, har ranar 'yancin kai a 1960 waɗanda suka gama jami'a a duk faɗin ƙasar ba su taka kara sun karya ba. Akawun gidan waya yana cikin manyan 'yan boko. A nan ya karanta jaridu, ya fara rubuta maƙaloli, ya shugabanci ƙungiyoyin ma'aikata.

A 1956 aka kama shi bisa laifin taɓa kuɗin gidan waya, bai musa ba, aka ɗaure shi. Da ya fito ya koma tallan giya a wani kamfani a Lewofolbil, a 1958 ya kafa jam'iyyar MNC, a Disambar shekarar ya je taron Akara da Nkuruma ya kira. Sauran kun sani: firaminista a Yunin 1960, an kashe shi a Katanga ranar 17 ga Janairu 1961.

Baba Tsohon P&T:
'Yata, ina girmama Lumumba, kuma kisan da aka yi masa zalunci ne da ba shi da kwatanci. Amma maganar kuɗin nan tana yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Kuɗin da ke gidan waya ba na Bature ba ne kaɗai. Na ɗan ƙwadago ne da ya tara ya aika wa uwarsa. Mu abin da aka fara koya mana kenan, in kwabo ya ɓace ba mai tafiya gida sai an gano shi. Na ga ma'aikaci ya kwana a ofis saboda sule biyar.

Ɗalibar Tarihi:
Baba, ban ce ya yi daidai ba, kuma ban kawo maganar don in wanke shi ba. Amma ku dubi tsarin da yake ciki. Aiki iri ɗaya, Bature na karɓar albashi ninkin-ba-ninkin na baƙar fata. Sannan an ce wa ɗan boko in yana son a ɗauke shi wayayye sai ya yi sutura irin tasu, ya yi gida irin nasu, ya ci abinci da cokali mai yatsu, har ana zuwa gida a duba kafin a ba shi takardar shaida. Shi da ke riƙe da littafin lissafi yana ganin bambancin kowane ƙarshen wata da idonsa. Wannan ganin shi ne abin da nake ganin ya haɗa su ukun. Sun ga cikin mulkin mallaka daga inda ake ƙirga kuɗi da inda ake aika umarni, manomi kuwa sandar ɗan doka kawai ya gani.

Baba Tsohon P&T:
Bambancin albashin gaskiya ne, tsofaffinmu sun ba mu labarinsa. Amma amana amana ce. A nan na tsaya.

Kawu Na Marwa:
Na karanta duka tun daga sama. Ɗan Garwa, ɗana, ka ce da alherinsa da sharrinsa, amma har yanzu alherin kawai na ji. Ni ɗan arewacin Kamaru ne kamar kai, na rayu a zamaninsa, na san titi da filin jirgi da ya kawo Garwa, na san yadda aka kai layin dogo har Ngaundare a 1974. Amma an kashe Ruben Um Nyobe, jagoran UPC, a daji ranar 13 ga Satumba 1958, Ahijo yana firaminista. An sa wa Felis Mumiye, shugaban UPC, guba a Janiba a 1960. An harbe Ernes Wandiye, shi ma jagoran UPC, a bainar jama'a a Bafusam a Janairun 1971. Dokar 1962 ta hana zagon ƙasa ta sa mutum na iya shiga kurkuku saboda maganar da ya yi a majalisar shayi. A 1966 aka narkar da jam'iyyu suka koma ɗaya. Sunan Jan Foshibe, shugaban 'yan leƙen asiri, ko a cikin ɗaki ba a ambatonsa da ƙarfi. Mu da muke aika wasiƙa a lokacin, muna rubutu ne da sanin cewa wataƙila ba wanda muka aika wa ne zai fara karantawa ba.

Ɗan Garwa:
Kawu, Allah ya ja da ranku, wannan shi ne rabin maganata da ban kai gare shi ba. Baba ya ce aikin na koya wa yaro ya ji komai ya yi shiru. Haka Ahijo ya yi mulki shekara 22. Ba mai yawan magana ba ne, ba mai tsayawa a dandali ya tayar da jama'a kamar Seku Ture ba. Yana tattara labari, yana jira, sannan ya yanke. Mutumin da ya san cewa ƙasa mai faɗi ana riƙe ta ne da saƙon da ke tafiya tsakanin hedikwata da bariki, shi ne zai damu da gwamnoni da kwamandojin gundumomi su riƙa aiko masa da rahoto kai tsaye, shi ne zai rushe tarayya a 1972 ya mayar da komai Yawunde. Ban faɗi haka don yabo ba. Iyalan waɗanda kuka ambata suna da haƙƙi a wuyansa, kuma ciwon da ke ɓangaren masu Turancin Ingilishi a yau yana da jijiya a ƙuri'ar 20 ga Mayu 1972.

Seku Ture ma da ya bi wata hanya, ina ya ƙare? Sansanin Boiro, kurkukun 'yan siyasa a Konakiri. Diyallo Telli, sakataren farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, a can ya mutu da yunwa a 1977.

Malam Na Zariya:
To a nan ne kuma na sake rabuwa da kai. Kana so ka ce gidan waya ne ya koya musu sa ido a kan jama'a. Nkuruma malamin makaranta ne, ya kafa dokar tsare mutum ba shari'a a 1958, har ɗan adawa Danƙuwa ya mutu a kurkukun Nsawam a 1965. Jori Hamani na Nijar malamin makaranta ne, Ɗan Maradi ya faɗi abin da ya sami Sawaba. Modibo Keita na Mali malamin makaranta ne, jam'iyya ɗaya ya yi. Waɗannan ba su taɓa riƙe na'urar tangaraho ba. Abin da suka gada shi ne gwamnatin da Bature ya gina don ta ba da umarni ba don ta saurari kowa ba, kuma kowannensu ya shiga ya zauna a kujerar gwamna bai canza ta ba.

Hajiya Ta Mubi:
Ni abin da ya ja hankalina daban ne. Me ya sa namu na arewacin Najeriya duk malaman makaranta ne? Tafawa Ɓalewa, Sardauna, Malam Aminu Kano, Shehu Shagari, kowa ya riƙe alli. Ban san ɗan gidan waya ko ɗaya a cikin manyansu ba.

Malam Na Zariya:
Hajiya, tsarin Ingilishi ne ya kawo haka. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 don horar da malamai aka yi ta, waɗanda suka fito kuma ko aji suke shiga ko ofishin En'e. Ayyukan gwamnatin tsakiya irin su gidan waya da reluwe, a arewa yawanci 'yan kudu ne ke riƙe da su, suna zaune a Sabon Gari. Shi ya sa Sardauna ya matsa a kan manufar mayar da ayyuka hannun 'yan arewa a shekarun 1950. Faransa kuwa mulkin kai tsaye ta fi yi, tana ɗaukar yaro daga ko'ina ta jefa shi ko'ina.

Hajiya Ta Mubi:
Na gode, Malam. Mu nan Mubi Ahijo ba baƙo ba ne a hirar iyayenmu. A ƙuri'ar Fabrairun 1961 yankinmu ya zaɓi Najeriya, aka kira shi Lardin Sardauna, kudancin Kamaru ta Ingila kuma ya bi Ahijo. Abin ya yi masa ciwo har ya ware ranar makoki, ya kai ƙara kotun duniya. Mokolon da Ɗan Garwa ya ce ya yi aiki, tsallaken dutse ce daga wajenmu, dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Duk da haka lokacin yaƙin basasa bai bari a yi amfani da ƙasarsa a yaƙi Najeriya ba, alhali Faransa na tare da Biyafara. Wannan kaɗai ya isa a daina cewa duk abin da Faransa ta ce shi yake yi.

Kawu Na Marwa:
Wannan gaskiya ne, Hajiya, a ba shi nasa. Haka kuma ranar 4 ga Nuwamba 1982 da dare ya fito a rediyo ya ce ya ajiye mulki, cikin 'yan jimloli kaɗan, bayan kwana biyu Pol Biya ya yi rantsuwa. Ko ministocinsa yawancinsu a ranar suka ji. Abin da ya biyo baya bai yi kyau ba, an yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa a 1984, ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989, kuma har yau kabarinsa na maƙabartar Yof. Ni da na lissafa laifuffukansa a sama, ina cikin masu cewa a dawo da shi Garwa. Ana iya yi wa mutum hisabin mulkinsa yana kwance a garinsu.

Ɗan Maradi:
Malam, kafin ka ce dubbai sun yi aikin ba su zama komai ba, ƙara Umar Bongo na Gabon a lissafi. Shi ma ma'aikatar waya da gidan waya ya fara a Barazabil, ya yi mulki daga 1967 har 2009. Huɗu kenan a yanki ɗaya na duniya, a tsara ɗaya.

Malam Na Zariya:
Huɗu ne, na ji. Malaman makaranta in na fara jerowa daga Senghor zuwa Nyerere da Kaunda za su ninka haka. Abin da huɗun suka nuna shi ne ƙofofin da Bature ya bar wa ɗan ƙasa 'yan kaɗan ne: aji, asibiti, kotu, gidan waya, barikin soja. Dole shugabanni su fito ta ɗaya daga ciki.

Ɗan Garwa:
Ƙofofin kaɗan ne, Malam, amma ba ɗaki ɗaya suke kaiwa ba. Malamin makaranta yana zama a gari ɗaya da yara arba'in a gabansa, yana koyon yi wa mutane magana. Mai rediyo ana ɗauke shi daga Duwala a jefa shi Mokolo, yana koyon sauraron abin da manya ke faɗa wa juna. Nyerere ya bar littattafai da jawabai da har yau ake muhawara a kansu. Ahijo ya bar gwamnoni da kwamandoji da fayil, kuma wanda ya gaje shi da su yake mulki tun 1982.